Kundin aiki: babi na huɗu, abin da mutanen Kwarin Indus suka bauta wa

7 ga Janairu, 2025

Babi uku sun kammala a ɗan littafin da nake rubuta wa ɗalibaina na babbar sakandare kan tsoffin al'ummomin duniya: Masar, ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, da kuma Sin. Yau na buɗe na huɗu, na mutanen Kwarin Indus, waɗanda biranensu suka bunƙasa daga wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin Miladiyya, a yankin da yau yake Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Na daɗe ina jan ƙafa a kansa. Abin da ya zaburar da ni shi ne labarin shekaranjiya, cewa babban ministan jihar Tamil Nadu, M. K. Stalin, ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya iya karanta rubutun waɗannan mutane.

A nan wahalar babin take. A babin Masar, mutanen da kansu suka gaya mini sunayen abin bautarsu, domin an karanta rubutunsu tun ƙarni na 19. Su kuwa mutanen Indus sun bar rubutu a kan abubuwa wajen 4,000, da alamomi kusan 400, amma yawancin rubutun bai wuce alama biyar ba, kuma har yau babu karatun da masana suka haɗu a kansa. Ke nan duk sunan da zan sa a babin, na gunki ne ko na gini, wani ne ya raɗa shi shekara dubu huɗu bayan masu abin sun shuɗe.

Tsarin da na ɗora wa kaina: kowane abu zan fara da faɗin yadda yake a ido, sannan wanda ya raɗa masa suna da shekarar, sannan abin da ya yi kama da shi a addinin Hindu ko na Buddha.

11 ga Janairu

Gabatarwa ta zauna. Daya Ram Sahni ya fara haƙa a kufan birnin Harappa a 1921, R. D. Banerji ya fara a kufan birnin Mohenjo-daro a 1922, John Marshall, shugaban hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, ya sanar wa duniya a watan Satumba na 1924. Na sa layi biyu kan ɓarnar da aka yi wa Harappa tun kafin nan, lokacin da masu shimfiɗa layin dogo tsakanin Lahore da Multan suka kwashe tubalan kufan suka zuba a ƙarƙashin ƙarfen jirgi. Ya ishi gabatarwa.

16 ga Janairu

Kwana uku ke nan da fara babban taron Kumbh Mela a Prayagraj, inda miliyoyin mabiya addinin Hindu ke shiga ruwa a mahaɗar kogin Ganga da Yamuna don neman tsarkaka. Da hotunansu a gabana na rubuta sashen ruwa.

A saman tudun Mohenjo-daro akwai wani kwarmin wanka, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 7, zurfinsa kusan mita biyu da rabi. Da gasasshen tubali aka gina shi, aka shafe bayan tubalin da kwalta don kada ruwa ya tsiyaye, aka yi masa matakala ta kudu da ta arewa, da rijiya a wani ɗaki na gefe, da kwata mai rufi wadda ake zubar da ruwan ta cikinta. Abin da ya sa ake ganin na ibada ne, mutanen garin ba su rasa wurin wanka ba. An ƙiyasta rijiyoyin birnin sun kai 700, kuma gidaje da yawa suna da makewayi mai daɓen tubali wanda ruwansa ke gangarawa magudanar titi. Wanda ke da makewayi a gida, me zai kai shi hawa tudu ya yi wanka in ba wata manufa ta daban ba? Ga shi kuma har gobe da wuya ka ga babban wurin bautar Hindu, musamman a kudancin Indiya, babu tafki mai matakala a gefensa.

Wannan hujja ta gamsar da ni har wani matsayi, kuma na rubuta ta da ƙarfinta. Amma na hana alƙalamina kiran wurin ɗakin bauta. A duk biranen nan, Harappa da Mohenjo-daro da Dholavira da Rakhigarhi, ba a tono gini ko ɗaya da masana suka haɗu cewa haikali ne ba, ba a kuma sami kabarin sarki cike da zinariya irin na Fir'aunoni ba. Mutanen da suka iya jera tituna a miƙe, suka daidaita awon tubali daga gari zuwa gari, ba gazawa ce ta hana su gina ƙaton haikali ba. Ni a ganina wannan rashin ma bayani ne a kan addinin nasu: ibada ce ta cikin gida, ta bakin ruwa, ta gindin bishiya.

29 ga Janairu

Yau na yi gwajin da ya sauya mini tsarin babin.

Akwai wani hatimi na dutse mai laushi, faɗinsa santimita uku da rabi kacal, wanda aka tono a Mohenjo-daro a haƙar 1928 zuwa 1929, yanzu yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa a New Delhi. A jikinsa wani ne zaune a kan ɗan dandamali, ya haɗa dugadugansa, gwiwoyi a buɗe, hannuwa cike da warwaro tun daga wuyan hannu har kafaɗa, a kansa manyan ƙahoni biyu. Giwa da damisa mai ratsi suna gefe ɗaya, karkanda da ɓauna suna ɗaya gefen, ƙarƙashin dandamalin kuma wasu dabbobi masu kama da barewa.

Na buga hoton babu rubutu a ƙasa, na raba wa 'yan aji, na ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Wani yaro da ya taso a ƙauye ya ce, “Malam, ai maharbi ne, ya ɗaura kan dabba kamar yadda namu ke ɗaura kan burtu.” Wata ta ce ɗan bori ne iskoki suka hau. Wani ya ce sarki ne, dabbobin kuma ƙasashen da yake mulka. 'Yan mata biyu da suka saba kallon finafinan Indiya suka ce wannan zaman irin na masu bautar can ne, waɗanda ke rufe ido a kan dutse.

Kowa ya ɗebo daga rumbun da ya sani. Haka shi ma Marshall ya yi a 1931: yana zaune a Indiya, ya san Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, sai ya ce wannan Shiva ne na farko. Hujjojinsa su ne fuska uku, zaman yoga irin na masu tunani da ibada a Indiya, ƙahoni masu kama da mashin Shiva mai baki uku, da dabbobin da suka kewaye shi, tunda ɗaya daga laƙaban Shiva shi ne Pashupati, wato ubangijin dabbobi. Sunan ya manne wa hatimin har yau. Daga baya Doris Srinivasan ta sake duba shi a shekarun 1970, ta ce abin da Marshall ya ɗauka fuskoki ne na gefe, kunnuwan sa ne ko na ɓauna. Ta kuma nuna cewa a tsoffin littattafan Hindu da ake kira Veda, Rudra, wanda daga baya ya zama Shiva, dabbobin gida ake danganta masa, na garke, ba giwa da karkanda ba. Alf Hiltebeitel ya karkata ga Mahisha, aljanin ɓauna na labaran Hindu. Kuma a can Denmark an tono wata tukunyar azurfa a Gundestrup mai hoton wani mai ƙaho zaune cikin dabbobi, ba wanda ya ce Shiva ne.

Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane. Zan buɗe sashen da amsoshin ɗalibaina, sannan Marshall ya biyo a matsayin mai amsa na biyar. Ba don in rage masa daraja ba, aikinsa ne ya buɗe mana ƙofar. Ina so yara su ga cewa babban masani ma da abin da ya saba gani yake fassara abin da bai taɓa gani ba.

Abu ɗaya na bar wa Marshall: zaman. Haɗa dugadugai haka ba zaman hutawa ba ne, na gwada a kan tabarma na ji yadda yake ja a cinya, kuma ya maimaitu a wasu hatimai da allunan yumɓu na Harappa da Mohenjo-daro. Zama ne da aka koya, aka kuma ba shi ma'ana.

8 ga Fabrairu

Sashen mutum-mutumin mata na yumɓu. Suna da yawa, da manyan kayan ado a ka da wuya, wasu da ɗan kofi a kowane gefen kai wanda aka ga baƙin hayaƙi a cikinsa, kamar an kunna fitila. An kira su uwar alloli, aka haɗa su da bautar Devi, babbar abar bauta mace a addinin Hindu. Da yawansu a fashe aka same su cikin juji, abin da ya sa wasu ke ganin na wata hidima ce ta ɗan lokaci, wasu kuma na wasan yara. Sakin layi biyu na ba su.

Duwatsun da aka ce linga da yoni ne, wato tsayayyen dutse da mai rami a tsakiya, alamomin Shiva, na taƙaita su ƙwarai. George Dales ya nuna raunin wannan fassara, kuma a Dholavira an ga irin waɗannan duwatsu masu rami a tsakiya a matsayin gindin ginshiƙi.

19 ga Fabrairu

Shanu. Wannan sashe ya yi mini daɗin rubutu domin bijimin da ke kan hatiman Indus, mai tozo da leɓe har ƙirji, duk ɗan Arewa zai gane shi. A yankin nan na Indus aka fara kiwon shanu masu tozo, kuma jininsu yana cikin farare da jajayen shanun da Fulani ke kora a dazukanmu.

Mai neman alaƙa da Hindu zai tuna Nandi, bijimin Shiva da ke durƙushe a ƙofar wuraren bautarsa. Sai dai abu biyu sun tsaya a hanya. Bijimi ake sassaƙawa a hatiman, ba saniya ba, alhali saniya ce ke da alfarma a wurin Hindu na yau. Na biyu, rabi ko fiye na ƙasusuwan dabbobin da ake tonowa a garuruwan na shanu ne da ɓauna, wato suna cin naman. Dabbar da ta fi kowace yawa a hatiman ma ba bijimi ba ce, wata ce mai ƙaho ɗaya, tsaye gaban wani abu mai kama da kasko a kan sanda. Ita kam ta ɓace tare da biranen, ba ta da gurbi a cikin manyan alamomin Hindu ko na Buddha.

4 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan sallar asuba, awa ɗaya kafin in fita makaranta. Wani abokin aikina, malamin addini, ya tambaye ni cikin mutunci, “Malam, a wannan wata kake zama kan gumakan mutane?” Na ce masa Alƙur'ani da kansa ya umarce mu, a wurare da dama, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ya yi shiru kaɗan, ya ce to in tabbata yara sun gane bayani nake yi, ba kira ba. Shawara ce mai kyau, na ƙara jimla biyu a gabatarwa saboda ita.

18 ga Maris

Sashen Rigveda ya ci mini mako biyu. Shi ne mafi tsufan littattafan Hindu, waƙoƙi 1,028, waɗanda akasarin masana ke sa wa lokaci tsakanin 1500 da 1200 kafin Miladiyya. Duniyar da ke cikinsa ta makiyaya ce masu dawaki da kekunan yaƙi, masu kiran alloli irin su Indra da Agni da Varuna, masu zuba hadaya a wuta. Doki kuwa bai fito a hatiman Indus ba. Sunayen Mitra da Varuna da Indra da Nasatya sun bayyana a wata yarjejeniya tsakanin Hittiyawa da masarautar Mitanni, can wajen Siriya da Turkiyya ta yau, a ƙarni na 14 kafin Miladiyya, abin da ke nuna waɗannan alloli suna da dangi nesa da Indus. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2019 kan ƙasusuwan wata mata daga Rakhigarhi bai sami jinin makiyayan filayen Turai da tsakiyar Asiya a jikinta ba, alhali wannan jini yana jikin mutanen Indiya da yawa a yau. Bayan zamaninta ya shigo.

A 1947 Mortimer Wheeler ya ɗora wa masu waƙoƙin Rigveda, waɗanda ake ganin baƙi ne da suka shigo yankin, alhakin rusa biranen, yana kafa hujja da wasu ƙwarangwal da aka tsinta a titunan Mohenjo-daro. Dales ya rushe wannan a 1964, ya nuna gawarwakin ba na lokaci ɗaya ba ne. Yanzu an fi karkata ga raguwar damina da ƙafewar koguna irin su Ghaggar-Hakra, mutane suka watse zuwa ƙananan garuruwa ta gabas da kudu.

Wannan watsewar ita ce gadar da nake nema. Birane sun mutu, mutane ba su mutu ba. Manomi da maginin tukwane da uwa mai goyo sun tafi da al'adunsu, jikokinsu suka cakuɗa da masu waƙoƙin Veda. Shi ya sa abubuwan da suka fi kama da na Hindu na yau ba na manyan malamai ba ne, na talakawa ne: warwaron kwanson teku a hannun mace, jan gari a tsagar gashi wanda aka gani a wasu mutum-mutumin kufan Nausharo, alamar swastika mai kama da gicciye mai lanƙwasassun bakuna, wankan tsarki. Ramukan wuta na kufan Kalibangan, waɗanda B. B. Lal da B. K. Thapar suka tono a shekarun 1960, na kawo su da fassara biyun da ake yi musu, wurin hadaya ko murhu. Na kuma ambaci cewa a maƙabartar Harappa binne mutane aka yi, kai ta arewa, da tukwane a gefe, alhali ƙonawa ce ta rinjaya a Hindu daga baya.

Na yi gargaɗi ɗaya a ƙarshen sashen. Maganar nan siyasa ce mai zafi a Indiya, tsakanin masu son a ce mutanen Indus su ne masu Veda da masu ganin kakannin masu harsunan Dravidiya ne, irin su Tamil. Asko Parpola na ƙasar Finland da Iravatham Mahadevan sun karkata ga na biyun. Kyautar da na fara kundin nan da ita ma daga jihar masu harshen Tamil ta fito.

9 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah, zafi ya sauka. Na koma rubutu a gindin durumin makaranta, kuma wurin ya dace da sashen, domin bishiyar pipal 'yar'uwar durumi ce da cediya da gamji da ɓaure. Ganyenta kamar zuciya yake, da dogon tsini a ƙarshe.

Cikin duk zaren da na bi, wannan ne bai tsinke a hannuna ba. Ganyen pipal yana kan tukwanen yankin tun kafin a gina manyan biranen. A wani hatimi na Mohenjo-daro, wani mai ƙaho yana tsaye tsakanin rassan pipal biyu, wani ya durƙusa a gabansa, bayansa ƙaton bunsuru, a ƙasa kuma mutum bakwai a jere da dogayen riguna. Ko ba a karanta rubutun ba, durƙuso durƙuso ne. Bayan haka bishiyar ta fito a littattafan Veda da sunan ashvattha, ta fito a wasu littattafan Hindu na daga baya, Katha Upanishad da babi na 15 na Bhagavad Gita, a matsayin bishiyar da saiwarta ke sama rassanta ke ƙasa. Yau ma mata a ƙauyukan Indiya suna kewaya ta suna ɗaura mata zare. Kuma a gindinta ne, a Bodh Gaya ta jihar Bihar, mabiya Buddha suka ce Siddhartha Gautama, wato Buddha, ya sami wayewar da yake nema. A sassaƙen Bharhut da Sanchi, tsoffin wuraren ibadar mabiya Buddha a Indiya, kafin a fara zana siffarsa, kujera ake nunawa babu kowa a kai, a gindin bishiyar. Sanghamitta, 'yar sarki Ashoka, ta kai reshenta Anuradhapura ta Siri Lanka a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ana kula da ita har yanzu.

Na ja wa kaina birki da Tarihin Kano, inda aka ce Tsumburbura tana wata bishiya da aka kewaye da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga. Girmama bishiya ba sai an koya daga wani ba, ko'ina ɗan Adam ya yi shi. Abin da ya bambanta na Indus shi ne bishiya iri ɗaya ce, a yanki ɗaya na duniya, ana ta komawa gare ta shekara fiye da dubu huɗu.

23 ga Afrilu

Na zata sashen Buddha zai kai shafi huɗu. Ya tsaya a ɗaya da rabi, kuma haka ya kamata.

Tsakanin faɗuwar biranen Indus da rayuwar Buddha, wanda aka haifa a Lumbini ta Nepal a ƙarni na 6 ko na 5 kafin Miladiyya, akwai shekaru fiye da 1,300. Tsakanin Mohenjo-daro da Bodh Gaya akwai fiye da kilomita 1,500. Ginshiƙan koyarwarsa, wato sakamakon aiki da ake kira karma, da sake haihuwa, da neman kuɓuta daga wannan zagaye, babu hoton da zai iya nuna su a kan hatimi. A Rigveda ma ba su fito a matsayin koyarwa ba, sai a Upanishad irin su Brihadaranyaka. Johannes Bronkhorst ya kafa hujja a 2007 cewa daga yankin Magadha suka taso, can gabas, inda Buddha da Mahavira na addinin Jain suka yi wa'azi.

Abubuwa uku ake yawan kawowa. Zaman tunani, na riga na yi maganarsa. Barewa biyu a ƙarƙashin dandamalin mai ƙaho, waɗanda ake kwatantawa da barewar da ke ƙarƙashin kujerar Buddha, amma su na Buddha suna da dalilinsu sananne: a dajin barewa na Sarnath ya yi wa'azinsa na farko. Sai ɗan mutum-mutumin nan mai gemu, santimita 17 da rabi, da ke gidan tarihi na Karachi, wanda ya yafa mayafi ta kafaɗar hagu ya bar ta dama a buɗe kamar yadda sufayen Buddha ke yi. Masu haƙa ne suka raɗa masa sarki-malami. Yafa mayafi haka tufafin ƙasar zafi ne, mutanen Mesofotamiya, wato ƙasar tsakanin Dijla da Furat, ma sun yi, kuma sun yi ciniki da Indus, ƙasar da ake ganin ita suke kira Meluhha.

Alaƙar da ta tabbata da tubali ita ce wannan: a ƙololuwar tudun Mohenjo-daro akwai kufan ginin da aka ɗauka hasumiyar mabiya Buddha ce ta zamanin daular Kushan, wajen ƙarni na 2 Miladiyya. Ita ce ta ja Banerji zuwa wurin. Yana neman abin da ya shafi Buddha, sai ya faɗa kan birnin da ya girmi Buddha da shekara dubu biyu.

12 ga Mayu

Yau wata ya cika, ranar Vesak, da mabiya Buddha ke tuna haihuwarsa da wayewarsa da rasuwarsa. Babin ya kai shafi 19 a rubutun hannu. Na jera alaƙoƙin bisa ƙarfinsu: pipal da ruwa da kayan adon mata a gaba, zaman yoga a tsakiya, Shiva da uwar alloli da linga a baya tare da sunan wanda ya faɗa da wanda ya musa.

Saura abu uku. Wani tsohon ɗalibina mai zane ya karɓi hotunan hatimai huɗu zai zana su da tawada, domin hoton asali ba ya fita a injin kwafi na makaranta, na kuma roƙe shi kada ya gyara fuskar mai ƙahon, ya bar ta yadda za a iya ganin fuska uku ko kunnuwa. Ina son ƙara sakin layi kan halin da Mohenjo-daro ke ciki, gishirin ƙasa da ke cin tubalin da ruwan saman 2022 da ya rusa wasu bangaye, duk da tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1980. Sannan ranar Alhamis zan karanta wa 'yan aji biyu sashen bishiya da baki, in ga inda hankalinsu zai tsaya da inda zai tafi, kafin in ba mai buga rubutu a kwamfuta.